Cigiyar da ba ta tsufa a intanet

A wajajen 1984 wani matashi a Jamus ya naɗi wata waƙa daga gidan rediyon NDR a kaset, bai kama sunan mawaƙan ba. A 2007 'yar'uwarsa ta ɗora guntun waƙar a intanet tana cigiya. Shekara 17 ana nema. Mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba suka raba aiki: wannan ya bi jerin waƙoƙin da gidan ya saka a shekarun, wancan ya tsaya kan lafazin mawaƙin, wani ya tuntuɓi tsofaffin masu gabatar da shiri. Sai a Nuwamban 2024 wani ya ci karo da sunan ƙungiyar FEX ta birnin Kiel a tsohuwar jarida. Mawaƙan sun manyanta, ba su ma san ana nemansu ba.

Masu kiran wannan rashin aikin yi sun yi gaggawa. Duk wanda ya taɓa yi wa yara tatsuniya ya san ba sa barci sai sun ji ƙurunƙus, kuma babba ma rabin labari yana yi masa ƙaiƙayi. Abin da ya sauya shi ne tsadar bincike. Da, sai mai hali ke iya tafiya ɗakin adana tarihi ya yi wata yana buɗe takardu. Yanzu mutum dubu kowa ya ba da daren Juma'a ɗaya, aikin shekaru ya ragu. Ƙananan al'amura ma sun fi jan irin waɗannan masu bincike, domin manyan tuni masana suka cinye, nan kuwa ɗan koyo na iya zama wanda ya fara gano wani abu.

A wasu lokutan ribar ta fi waƙa nauyi. Ranar 1 ga Disamba 1948 aka tsinci gawar wani mutum a bakin tekun Somerton da ke Adelaide a Ostareliya, an cire duk alamun da ke jikin tufafinsa, a aljihunsa akwai guntuwar takarda da aka yago daga littafin Umar Khayyam. Shekara da shekaru ana cewa ɗan leƙen asiri ne. Masu sha'awa ba su bari zancen ya mutu ba, har aka tono gawar a 2021. A 2022 Farfesa Derek Abbott na Jami'ar Adelaide ya ce gwajin ƙwayar halitta ya nuna Carl Webb ne, injiniyan lantarki haifaffen Melbourne a 1905. In haka ne, bawan Allah ne kawai da ya ɓace wa danginsa.

Haɗarin ma yana nan: zato yana da daɗin yaɗawa fiye da hujja, kuma idan taro ya ɗora wa wani laifi, 'ya'yansa da jikokinsa ke kwana da abin.

Hausawan Facebook ma suna wannan tone-tone, sai dai galibi a hoto ake tsayawa. A ɗora tsohon hoto, a yi ta Allah ya jiƙan mazan jiya, a wuce. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi hatsari a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Waɗanda suka jira dawowar iyayensu ranar suna nan da rai, wasunsu sun haura saba'in. Tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun gidan adana tarihi na Kaduna suna jiran mai buɗewa. Wayar da ake ɗora hoton da ita tana naɗar murya, kuma a gidaje da yawa kakar da ta ji saukar labarin tana zaune a ɗakin da ke kusa.