Mai Sa Majinyaci Barci, Shi Me Yake Shaƙa?



A yawancin labaranmu, da an shiga da jaruma ɗakin tiyata sai alƙalami ya tsaya a bakin ƙofa tare da dangi masu addu'a. A ganina ya kamata mu tura ƙofar nan, domin a ciki akwai mutanen da aikinsu ke cin lafiyarsu a hankali.

Majinyaci yakan shaƙi iskar sa barci na awa ɗaya ko biyu, a fito da shi. Likitan sa barci da nas-nas kuwa kullum suna cikinta. Tana sulalewa ta gefen takunkumin da bai zauna daidai a fuska ba, ta tiyon da ya tsage, da lokacin ɗura maganin a na'ura. Ko an gama aiki, majinyaci yana ci gaba da fitar da ita a numfashinsa a ɗakin farfaɗowa.

Ciwon kai, jiri da kasala su ne na kusa. Iskar naitros oksaid tana lalata aikin bitamin B12 a jiki. Halotan, wanda asibitocin Afirka suka daɗe suna dogaro da shi saboda arha, yana iya taɓa hanta. A 1967 wani likita mai suna Vaisman ya binciki masu sa barci a Tarayyar Sobiyet, ya tarar cewa cikin juna biyu 31 da matansu ma'aikata suka samu, 18 sun zube. A 1977 hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar kada naitros ya wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki, irin su halotan kuma kashi 2. Kafin hanci ya ji warin, an riga an wuce wannan iyaka.

Wani zai ce asibitin da ke fama da rashin wuta ina shi ina wannan magana? To, duba na'ura kowace safiya, rufe iskar kafin a cire takunkumi, da jan tiyo ya kai ragowarta waje ba su kai kuɗin janareta ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tambaya.

Nan aikinmu yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kafin ka rubuta babin tiyata, nemi nas ɗin da ke aiki a ciki, ka tambaye ta yadda take ji idan ta tashi aiki da yamma. Ku ajiye mana abin da kuka jiyo a ƙasa, mu tattauna.