Ƙananan madatsun ruwa: A gyara su da rani kafin damina ta zo

Tun daga ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hankalin hukumomi ya koma kan manyan madatsun ruwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin duba lafiyarsu, daga baya kuma ta amince da kashe Naira biliyan 80 domin sake gina ta Alau. Wannan abin a yaba ne.

Sai dai akwai madatsun da ba a cika jin sunansu ba, wato ƙananan da aka gina da ƙasa a ƙauyuka. Da su manoman rani ke ban ruwan tumatir, albasa, tattasai da alkama. A nan makiyaya ke shayar da dabbobi, masunta kuma su samu na cefane. Duk da haka su ne suka fi rashin mai kula.

Wasu daga cikinsu sun tsufa. A Kano an gina madatsu da dama tun zamanin mulkin Audu Bako, tsakanin 1967 zuwa 1975. Wasu kuma hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976 ne suka gina su, wasu jihohi, wasu ƙananan hukumomi, wasu kuma ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisa. Da zarar an gama bikin buɗewa, sau da yawa babu wanda zai iya cewa ga mai alhakin gyara. Ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, jiha ta ce na Tarayya ne, mutanen gari kuma su ce kayan gwamnati ne.

Ba sai dam ya kai girman Tiga ko Goronyo ba kafin ya yi ɓarna. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988. Na Gusau ya ɓalle a ƙarshen Satumban 2006, inda ɗaruruwan gidaje suka rushe. Idan ƙaramin dam na ƙauye ya tafi, ko da ba a rasa rai ba, an rasa noman ranin shekarar, matasa kuma su kama hanyar ci-rani.

Dam ɗin ƙasa ba kasafai yake ɓallewa ba tare da ya nuna alama ba. Bishiyar da ta tsiro a jikin bangonsa saiwarta na kutsawa ciki, idan ta mutu ta ruɓe sai ta bar wa ruwa hanya. Haka ramin gafiya da shurin gara. Shanun da ke hawa bangon kullum suna kashe ciyawar da ke riƙe ƙasa, ruwan sama ya zo ya yi zaizaya. Masu haƙar ƙasar bulo a gindinsa kuwa suna rage masa ƙarfi ne kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamar da ta fi kowacce haɗari ita ce yoyo a bayan bango. Idan ruwan da ke tsattsafowa garau yake kuma bai ƙaruwa, a sa masa ido. Idan ya fara fitowa da laka, ko yana ƙaruwa, to ruwa na cin bangon ne daga ciki, kuma lokacin kiran injiniya da gargaɗin mutanen da ke ƙasa da dam ya yi.

Sai mafitar rarar ruwa. An yi ta ne domin idan dam ya cika, ruwa ya wuce ta gefe. Wasu manoma kan toshe ta da buhunan yashi don su tara ruwan rani da yawa. A wasu wuraren kuma ciyawa da shara ne ke cushe ta. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Cikin sa'o'i kaɗan zai iya yanke shi. Ga kuma laka da ke taruwa shekara da shekaru, tana rage wurin da ruwa zai zauna.

Mafi yawan wannan gyara bai buƙatar biliyoyin Naira. Yana buƙatar a san mai dam. Ya kamata kowace jiha ta fitar da jerin ƙananan madatsunta, da sunan hukumar da ke da alhakin kowacce, sannan injiniyoyin ma'aikatar ruwa su duba su sau biyu a shekara: kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta. A ware kuɗin gyara a kasafi, kuma a daina gina sabo alhali tsoho na ruɓewa.

Al'umma ma na da nata rabon. Dagaci, sarkin ruwa, ƙungiyar manoman rani da ardon makiyaya za su iya naɗa mai gadin dam, su keɓe mashayar dabbobi nesa da bango, su hana haƙar ƙasa, su kuma yi aikin gayya na cire ƙananan itatuwa da share mafita. Manyan bishiyoyi da manyan tsagogi a bar wa injiniya, domin tumɓuke su ba bisa ƙa'ida ba na iya ƙara ɓarna. Ɗan kuɗin da kowane manomi zai bayar bayan girbi zai taimaka wajen ƙananan gyare-gyare. A kuma tsara yadda za a sanar da ƙauyukan da ke ƙasa cikin dare, da tudun da za su nufa.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, ana ganin kowace tsaga. Idan aka bari sai watan Agusta, abin da zai rage shi ne rabon tabarmi da buhunan shinkafa ga waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu.