Kafin Mu Kai Kuɗin Adashi Kasuwar Kwamfuta



Labarin Hausa ya daɗe da ƙetare takarda. Yau ana karanta littattafanmu da murya a YouTube, ana yi wa sabon littafi ɗan tallan bidiyo kafin ya fito, shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina kuma sun nuna mana yawan masu kallon da ke can suna jira. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka fara tara kuɗi don mallakar kwamfutar tace bidiyo a gida, maimakon biyan edita a kan kowane babi. Niyya ce mai kyau. Sai dai kuɗin nan galibi na adashi ne ko na sayar da waya, idan aka zuba shi a inda bai dace ba, sai an daɗe ba a farfaɗo ba.

Ra'ayinmu shi ne: marubuci mai ƙaramin ƙarfi ya sayi abin da aikinsa ke buƙata, ya bar sayen suna, kuma ya ware kuɗin wuta da na makirfo kafin ya ko tambayi farashin katin girafik.

Mu fara da tambayar da mai shago ba zai yi mana ba: wane irin bidiyo za mu riƙa yi? Yawancin aikinmu murya ce a kan hoton bangon littafi, ko hira, ko ɗan gajeren fim da aka ɗauka da waya. Ma'aunin 1080p ya wadatar da duk wannan. Hoton 4K ya ninka na 1080p sau huɗu a yawan ɗigo, nauyinsa a kan kwamfuta ma haka. YouTube na ba da shawarar kimanin megabit 8 a daƙiƙa ga 1080p, ga 4K kuwa 35 zuwa 45. Wato karatun awa guda zai kai gigabait 3.6 a na farko, a na biyu ya doshi 18. Wa zai biya datar ɗora wannan, alhali masu saurarenmu a ƙaramar waya suke kallo? Wanda ya tsayar da shawara a kan 1080p ya riga ya rage wa kansa babban kashe kuɗi tun bai bar gida ba.

Sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. A nan ne suna ya fi yaudara. Mai shago zai ce "wannan Core i7 ce", mu kuma jiki na rawa mu miƙa kuɗi. Abin tambaya shi ne zubi na nawa ce. Core i7-4770 ta shekarar 2013 hannayen aiki huɗu gare ta, waɗanda masu sana'ar ke kira kos, ita kuwa Core i5-8500 ta 2018 shida gare ta. Ƙaramar a suna ta fi babbar aiki. A waɗannan biyun, lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubin, 4 na huɗu, 8 na takwas. Akwai wani dalilin kuma na tsayawa a zubi na 8 zuwa sama: Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10, Windows 11 kuma kusan duk firosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8 ba ta cikin jerin waɗanda ya amince da su.

Firosesar Intel na ɗauke da wani ɓangare mai suna Quick Sync, wanda aikinsa warwarewa da ɗaure bidiyo irin na H.264 da HEVC, su ne kuma nau'in da wayoyinmu ke ɗauka. Wannan ne ya sa kwamfutar ofis marar katin girafik ke iya tace bidiyon waya ba tare da tana tsayawa tana nishi ba. A lura: duk wadda lambarta ta ƙare da harafin F, kamar i5-9400F, ba ta da wannan ɓangare, kuma ba za ta nuna hoto ba sai an saya mata kati. Arahar da ta yi a shago za ta fanshe a wani wuri.

Na biyu RAM, wanda shi ne faɗin teburin aiki. Gigabait 8 zai buɗe manhaja, amma da an jera bidiyo da murya da rubutu a lokaci guda sai tafiya ta koma ta hawainiya. Mu nemi 16, kuma guda biyu masu 8-8 sun fi guda ɗaya mai 16, domin hanya biyu bayanai za su riƙa bi, abin da ke ƙara wa firosesa marar kati ƙarfi sosai.

Na uku ma'ajiya. Tsohon had-dis mai juya faifai ba ya cika wuce megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na yau da kullum yana kai 550, nau'in NVMe kuma yana iya haura 3,000. Babu kuɗin da ake ganin amfaninsa nan take kamar na SSD. Mu sa Windows da aikin da ke hannu a SSD mai gigabait 512, mu ajiye ayyukan da aka gama a had-dis, mu kuma riƙe kwafi na biyu a wani wuri dabam. Muryar da aka kwana bakwai ana naɗa, idan ta ɓace, babu kasuwar da ake sayo ta.

To ina katin girafik, wanda shi ne kowa ke kuranta wa? Masu cewa dole sai da shi suna da hujja a wuri guda: manhajar DaVinci Resolve, wadda ake samunta kyauta, ta dogara ƙwarai da kati, musamman wajen gyaran launi. Wanda ya nufi shirya fim sosai zai buƙaci kati mai gigabait 4 aƙalla. Amma wannan mataki ne na gaba. Kdenlive da Shotcut kyauta ne, CapCut ma akwai na kwamfuta, duk suna tafiya ba tare da kati ba. Idan bidiyo ya yi nauyi, akwai dabarar furoksi: manhaja ta yi ƙaramin kwafi a yi yanke-yanke da shi, a ƙarshe ta fitar da aikin daga na asali. Mai tunanin ƙara kati nan gaba ya zaɓi kwamfuta mai babban akwati tun yanzu, domin sirara irin na ofis ƙaramin gidan wuta gare su, ba kowane kati ke shiga ba.

Ga kuma abin da masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba sa lissafawa: wuta. Firosesa i5-8500 an ƙiyasta ta a wat 65, babban kati shi kaɗai yana iya shan wat 200. Mai aiki da ƙaramar inbata ko ɗan sola ya san bambancin. Ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo asarar awanni ce, wutar da ta dawo da ƙarfi kuma tana iya ƙona na'urar ɗungurungum. Don haka UPS da sitabilaiza suna cikin sassan kwamfuta a lissafinmu. Wanda unguwarsu wuta sai an ga dama, laftof mai lafiyayyen batir ta fi masa ta tebur, ko da ba ta kai ta ƙarfi ba. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara: firosesa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai a riƙa hure ƙura ana ajiye ta inda iska ke ratsawa.

Kayan gwanjo ba abin kunya ba ne. Dell OptiPlex, HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre da ofisoshin waje suka sallama sun cika kasuwa, daga Titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja, kuma an ƙera su don aikin yini guda. Sharaɗi ɗaya ne: kada a yi cinikin biri a sama. A kunna a gabanmu, mu duba sunan firosesa da yawan RAM a cikin Windows, ba a takardar da aka manna a jiki ba. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi tana aiki. A ɗora bidiyo daga wayarmu a gwada, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Abin da ya rage a aljihu ya tafi ga makirfo. Mai saurare zai yi haƙuri da hoto ɗaya na tsawon awa guda, amma ba zai jure muryar da ƙarar janareta ta danne ba. Wanda kuwa kuɗinsa bai kai ba tukuna, ya ci gaba da wayarsa, kada jiran kwamfuta ya zama dalilin ajiye alƙalami. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kwamfuta yanka take yi ta haɗa, labarin da zai riƙe mutum har ƙarshen babi daga wurinmu zai fito.

Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi. Sai mako mai zuwa.