Amanar Malamin Zaɓe

A ganina, ranar zaɓe babu mai ɗauke da amana kamar malamin zaɓe. Iyayenmu a Wonaka sukan bar sana'arsu, su sha rana a layi don jefa ƙuri'a, amma shi ne zai ƙirga ya faɗi sakamako. In ya ƙara ko ya rage, wahalarsu ta tashi a banza.

A watan Maris 2023, jami'in Hukumar Zaɓe ya sanar a Gusau cewa Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Janairu 2024. Abin da akwati ya ƙunsa shi ake so a faɗa, kowa ya shafa. Saboda haka, malamin zaɓe, ka ji tsoron Allah.