Hitar da Muka Ɓoye a Cikin Silin

Ina zaune a zauren gidanmu a Katsina, wata biyu da rabi da barina Legas, wayar maƙwabcina ta shigo daga Agege. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarka tun jiya da dare." Mako biyu na yi niyyar yi, jinyar mahaifinmu ta tsawaita, kuma mabuɗin sashen nawa yana aljihuna, fiye da kilomita 1,000 daga ƙofar da ake magana a kanta. Lokacin ana tsakiyar aikin gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021.

Sai in koma baya kaɗan. Gidan da nake haya sashe huɗu ne, rijiyar burtsatse ɗaya, tanki ɗaya a sama. Haka akasarin gidajen unguwarmu suke. Ga matatar ruwa ta Iju nan kusa da mu, tun 1915 take aiki, amma mu a kan burtsatse da 'yan garuwa muka dogara, har Yarabawa ma sun ari sunan, mairuwa suke kiran mai tura kura da jarkoki. Da mahaifiyata ta zo ganin likita saboda ciwon gwiwa, na ga wahalar ɗora tukunyar ruwan zafi kullum da asuba ta yi yawa, na sayo hita. Yaron da ya zo ɗaurawa ya ba ni shawara a saka ta cikin silin ɗin banɗaki, kamar yadda ake yi a otal, kada ta ɓata bango. Na yarda. Ya hau, ya haɗa, ya rufe, aka bar 'yar kafa wadda da ƙyar kafaɗa ke shiga. Duk wanda ya leƙa sai ya yaba. Kyan ɗan maciji ne ashe. Bai sa makullin ruwa ko ɗaya tsakanin tanki da hitar ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin da ya faru a bayana ba shi da wuyar fahimta. Ruwan burtsatse a wurare da yawa na Legas yana cin ƙarfe. Tsatsa ta ci bakin tiyon da ke shigar da ruwan sanyi cikin hitar, ya fara ɗiga, daga baya ya ɓalle. Duk lokacin da aka kawo wuta maƙwabta suka kunna injin jan ruwa, tanki ya cika, sai ya juye a cikin silin ɗina. Na ba su izini suka ɓalle ƙofa. Silin ya rufto, katifa ta jiƙe, fumfuna ta kama kaya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne kwalin littattafan da mahaifina ya ba ni, masu rubutun hannunsa a gefen shafi. Tawada ta narke ta bi takarda.

Sannan ga kunyar maƙwabta. Tunda babu inda za a rufe ruwan sashena shi kaɗai, dole aka rufe daga gindin tanki. Iyalai uku suka koma sayen jarka na kwanaki saboda kuskuren mutum ɗaya. Babu wanda ya ɗaga mini murya, kuma wannan kawaicin ya fi mini zafi.

Da na dawo aka haɗa ni da wani dattijo mai aikin famfo, Bakano da ya tsufa a Zangon Agege. Ya ɗora tsani ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa, ya sauko. Na ce, "Baba, a cire ta gaba ɗaya ko?" Ya ce, "A'a ɗana, hitar lafiyarta lau. Hanyarta ce ba daidai ba. Abin da hannu ba ya kaiwa, ranar ɓacin rana ba naka ba ne."

Bai taɓa hitar daga inda take ba. Bututun ya sauko da su. Ya yanko na ruwan sanyi mai shiga da na ruwan zafi mai fita, ya kawo su jikin bango daidai ƙirjin mutum, ya sa wa kowanne bawul, wato makullin ruwa. Sai ya haɗa tsakaninsu da guntun bututu kamar gada, shi ma da nasa bawul ɗin. Idan ana amfani da hita, biyun a buɗe, na gadar a rufe. Ya gargaɗe ni cewa in na manta na bar gadar a buɗe, ruwan sanyi zai gauraya da na zafi in yi ta zargin hita a banza. Idan kuma za a yi tafiya ko ta sami matsala, a rufe biyun a buɗe gada, ruwa ya kewaye ta ya wuce abinsa. Ya ƙara bawul na huɗu a inda ruwa ke shigowa sashena, da wani siririn tiyo na zubar da ruwan cikin hitar zuwa magudana. Ya nanata mini abu ɗaya har sau uku: kada a taɓa kunna mata wuta babu ruwa a ciki, domin ƙarfen da ke ɗumama ruwan nan take yake ƙonewa. A fara cika ta, a buɗe famfon ruwan zafi har iska ta gama fita, sannan a kunna.

Bayan wasu watanni ina ba ƙanena da ke aiki a Kanada labari, sai ya ce, "Yaya, ai wannan aikin kowace shekara ake yin sa a nan." Can akwai motocin da aka mayar ɗaki, da gado da kicin da banɗaki, ana fita yawon hutu da su. Kafin hunturu mai motar zai zubar da duk ruwan da ke cikin tanki da bututu, domin ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa duk abin da ya riƙe shi. Wasu su hura iska su kore ragowar, wasu su ɗura wani ruwan magani mai launin ruwan hoda da ke hana daskarewa. Hitar irin waɗannan motoci takan ci galan 6, wajen lita 23, don haka sai a kewaye ta da bawul, irin dai gadar Baba, a zubar da ruwanta daban, kada a yi asarar maganin wajen cika ta. Ya ce babban kukansu shi ne sau da yawa bawul ɗin na can bayan katako ko ƙarƙashin gado, sai an kwance kusoshi an kwanta rubda ciki. Mamaki ya kama ni. Su sanyi ne abokin gabarsu, mu tsatsa da doguwar tafiya, amma dabarar ɗaya ce, kuma Baba bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Mu Hausawan Legas mutanen tafiya ne. Sallah ta zo a tafi, damina ta faɗi a koma gona, rashin lafiya ko rasuwa ta kira a bar komai cikin dare. Muna ƙara kwaɗo a ƙofa, muna kashe janareta, muna ba da amanar shago, amma ruwa ba ya cikin lissafinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makullin da ba a sa tun farko ba, ba za a same shi da asubar da mota ke jira ba. Kuɗin bawul huɗun nan da ladan Baba bai kai kuɗin katifar da na zubar ba, littattafan kuwa ba su da kasuwa.

Yanzu in zan tafi, nakan kashe wutar hita, in rufe bawul, in zubar da ruwanta, in bar mabuɗi a hannun maƙwabci. In na dawo nakan saki famfo ya zuba na ɗan lokaci kafin kowa ya yi alwala da shi, domin ruwan da ya kwana watanni a bututu wari yake yi.

Ɗan'uwa mai shirin tafiya gida sallar bana, ka tashi yau ka nemo inda ake rufe ruwan sashenka. In babu, ka kira mai gyara a sa, a wurin da uwargida ko yaro ɗan shekara goma zai iya kai hannu.