WA YA SA HANNU DA SUNANMU?

Ya 'yan'uwa matasa, a watan Agusta na 2024 wata kotu a Faransa ta ba da umarnin a tsare jiragen sama uku na fadar shugaban Nijeriya. Dalili kuwa shi ne rikicin gwamnatin Jihar Ogun da kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin, wanda kwamitin sasanci ya ce a biya shi kimanin dala miliyan 70 a 2021. Ogun ta yi rigima, aka kama kayan ƙasa baki ɗaya!

Ta yaya kotun wata ƙasa ke taɓa dukiyarmu? Akwai Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970. Idan masu sasanci suka yanke hukunci a ƙasa ɗaya, mai bin bashi yana iya kai takardar kotunan ƙasashe sama da 170, ya farauci kadarorin kasuwanci na gwamnati a duk inda ya gan su. Waɗannan kotuna ba sa sake sauraron shari'ar daga tushe. Ƙofar tsira 'yar ƙarama ce, kamar a tabbatar an yi zamba.

Ku tuna P&ID. A 2010 aka ba wannan kamfani kwangilar tace iskar gas a Kalaba. Ko bulo ɗaya bai aza ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya ce a biya shi dala biliyan 6.6, ga kuɗin ruwa yana hauhawa kullum. Sai a Oktoba 2023, bayan kuɗin sun haura dala biliyan 11, alƙali Robin Knowles na babbar kotun Ingila ya yanke cewa da cin hanci aka samo kwangilar, hukuncin ya rushe.

To ɗan'uwa da ke Toranke, ko Ajingi, ko Gaya, kada ka ce ina ruwanka. Da an biya, daga kuɗin takin gonarka da maganin asibitin garinku za a zaftare. Kuma kada mu tsaya ga la'antar Turawa kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mahukuntanmu ne suka tsaga shi da alƙalaminsu.

Saboda haka wajibi ne mu riƙa tambaya tun kafin tawada ta bushe: wa ya sa hannu? Me ya yarda da shi? A wace ƙasa za a yi shari'a? Duk kwangilar da aka ɓoye wa talakawa, su za su biya ta.