Imani Da Alƙalami: Darasi Daga Alan Paton

A shekarar 1946 wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, Alan Paton, ya fita rangadin gidajen yarin Turai da Amurka. A cikin wannan tafiya ya rubuta littafinsa Cry, the Beloved Country, wanda aka buga a 1948, shekarar da jam'iyyar masu wariyar launin fata ta hau mulkin ƙasarsa.

Paton Kirista ne na ɗariƙar Anglika, kuma imaninsa ne ya zaɓar masa gwarzon labarin, wato wani tsohon limamin coci, baƙar fata, mai suna Stephen Kumalo, wanda ya bar ƙauye ya tafi Johannesburg neman ɗansa. Sunan ɗan Absalom, takwaran ɗan Sarki Dawuda da ya yi wa mahaifinsa tawaye a Littafi Mai Tsarki. Ko da tsohon ya same shi, yaron ya riga ya harbe wani Bature mai kare haƙƙin baƙar fata.

To, a nan marubucin yana iya kuɓutar da yaron don faranta ran masu karatu, ko kuwa ya kammala labarin da ramuwar gayya. Ya ƙi duka biyun. An rataye Absalom, gama laifi ba ya rasa sakamako. Amma uban mamacin, James Jarvis, shi ne ya riƙa aika wa yaran ƙauyen Kumalo madara, har ya ƙudura gina musu sabon coci.

Wannan aƙida ta gafara ba a takarda ta tsaya ba. Tun 1935 Paton ke shugabantar gidan horon kangararrun yara baƙar fata na Diepkloof, inda ya sassauta tsaro, ya amince da su.

Wasu marubuta baƙar fata sun soki littafin, suka ce haƙurin Kumalo ya yi yawa, kuma madara ba ta maganin zalunci. Sukar tana da tushe. Sai dai Paton bai zauna jiran tausayin azzalumai ba. A 1953 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Liberal, wadda ba ta ware launin kowa, a 1960 kuwa gwamnati ta ƙwace masa fasfo har shekara goma. Ya rasu a 1988, shekara shida kafin zaɓen farko da baƙi da farare suka jefa ƙuri'a tare.